Shekarar da Na Ƙera Taragon 'Yan Rakiya

Ku ukun nan, Maryam da Usama da Huda, kun tashi kuna jin labarin shekarar da na ƙi aikin gadi daga bakin kowa ban da nawa. Kun ji na Kawunku Sani, kun ji na matan unguwa, kun ji ɗan abin da mahaifiyarku ta yarda ta faɗa, wanda ba shi da yawa. Abin da ya zauna muku shi ne ubanku ya taɓa jefa gidansa cikin haɗari saboda abin wasan yara, sai Allah ya rufa asiri. A cikin wannan akwai gaskiya, ba zan musa ba. Amma ba ita ke nan duka ba. Yanzu da idona ya gaji da awon katako, zan rubuta muku sauran da Hausa, ko da sai kun nemi mai karanta muku, domin da Larabci ba zai fito yadda yake a raina ba.

Kafin in zama kafinta, kafin in taka ƙasar Madina, ni ɗan rakiyar shanu ne. Shekara bakwai na yi ina bin jirgin ƙasa daga Nguru zuwa Ikko. Fatake su sayi shanu a kara, a loda su a taragu, a ce wane da wane ku raka su. Aikin ɗan rakiya ɗaya ne, kada saniya ta kwanta. In ta kwanta a cikin wannan matsi, 'yan'uwanta za su tattake ta, kafin a kai tasha ta gaba ta zama mushe. Saboda haka duk inda jirgi ya tsaya sai mu diro da sanda da bokiti, mu bi taragu da gudu muna leƙe ta tsakanin katako, wadda ta durƙusa mu murɗe mata wutsiya ta miƙe, mu ba su ruwa in an samu. Jirgi kuwa ba ya jiran ɗan rakiya. Da ka ji kukansa sai ka kama duk abin da hannunka ya kai. Kwana uku, wani lokaci huɗu, haka muke yi. Ba a yi mana wurin zama ba ko ɗaya. Shanu suna da taragonsu, direba yana da ɗakinsa, mu kuwa sai katako guda da muke gicciyawa a saman ƙahonni, ko kan rufi in rana ta yi sanyi. Wani abokina Ɗanjuma gyangyaɗi ya kwashe shi a kan rufi wajen Zungeru, ya tashi da ƙafa ɗaya.

A can ƙarshen jirgi akwai taragon gadi, ɗan ɗaki mai taga da benci da wani keken ƙarfe na birki. Mu a wurinmu wannan ɗaki fada ce. Wani gadin ko inuwarsa ba zai bar ka ka tsaya ba. Amma akwai wani dattijo Bayarabe da ya tausaya mini ranar wani ruwan sama, ya shigar da ni tun daga Minna har gadar Jebba. A gangare ya kama keken nan yana juyawa kaɗan-kaɗan, kunnensa a ƙasa. Ya ce mini da gurguwar Hausarsa wai ba a danne birki gaba ɗaya, in ƙafa ta daina juyawa sai ta yi sulu a kan dogo, ka ga ba ka da birki ke nan. Na ji, na ajiye, ban san ranar amfaninsa ba.

Wannan duk ban taɓa gaya muku ba kuna yara. A Madina sunana Usta Idris, wato gwanin sana'a. Na koyi sana'a a warsha, wato shagon kafinta, na kafilina Ammi Bakur, mutumin da ya tsaya mini na zauna a ƙasar, wanda kakansa ya zo daga Katsina da ƙafa, na yi shekara ashirin da shi ina yin ƙofofi da kabad da gadon amare. Wa zai tsaya yana ba 'ya'yansa labarin kashin shanu? Sai dai duk lokacin da hanya ta bi da ni Anbariyya, nakan rage tafiya a jikin shingen tsohuwar tasha, in kalli taragun da suka daɗe da mutuwa a rana, in wuce ban ce wa kowa komai ba.

A shekarar da nake ba ku labari, kayan ɗaki na kanti sun cika kasuwa, mutane sun daina jiran kafinta. Wata safiya Ammi Bakur ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai saba ba.

"Ya Idris, zauna. Warsha halas. Gwiwa ta ƙi, yara kuma ba mai son ƙurar katako. Iƙamarka saura wata huɗu. Ka nemi wanda zai ɗauke ka, ko wane ne zan sa hannu."

Kun san ma'anar wannan. In wata huɗu ya cika ba kafili, takardar zaman ƙasa ta mutu, sai fita, ni da mahaifiyarku da ku ukun da ba wanda ya taɓa ganin Najeriya ko a mafarki. Maryam tana tsakiyar karatu, Huda ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

A nan dole in yi wa Kawunku Sani adalci. Yayan mahaifiyarku ne, direban otal, mutum mai jama'a, kuma a ƙasan gidan da yake haya a Bani Harisa muke zaune. Bai yi barci a kan maganar ba. Cikin kwana goma ya samo mini aikin harisanci, wato gadin wani bene na masaukin baƙi kusa da Harami. Kujera a bakin ƙofa, tarin makullai, fanka a kai. Mai benen ya yarda ya karɓi kafalata, sharaɗinsa ɗaya, in fara kafin azumi, lokacin da masu Umra ke cika gari. Yaya Sani ya ba shi kalmarsa cewa zan zo. Ni ma na ce to, na yi godiya, har ga Allah kuma da niyyar zuwa.

Ana nan sai Ammi Bakur ya aike ni aikin ƙarshe na warsha, gyaran wata babbar ƙofa a gonar dabino can Ranuna, bayan Ƙuba. Mai gonar wani attajiri ne ana ce masa Abu Faisal. Ina cikin aiki na hango wasu ƙarafa biyu siriri kwance a ƙasa sun bi ta tsakanin dabino, faɗin tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Na ɗauka bututun ban-ruwa ne. Da na matsa sai na ga an shimfiɗa su a kan 'yan gungume jere, da tsakuwa a ƙarƙashi. Dogo ne. Na bi shi kamar wanda aka ja da igiya, har cikin wata rumfa. A nan na tarar da jirgin ƙasa sukutum, tsayinsa iya gwiwata. Kan jirgi mai ɗan inji, taragu uku masu kujera da mutum zai hau ya zauna a kai, sai kuma taragun shanu guda huɗu, da katakonsu mai rata da 'yan ƙofofinsu masu ja, babu abin da aka rage. Na durƙusa na ɗora hannu a kan ɗaya. Wallahi sai da na ji warin kara a hancina.

Mutum biyu suka shigo suka same ni a haka. Ɗaya Abu Faisal ne, ɗayan wani injiniya Bamasare mai suna Adil, wanda kowa ke kira Muhandis, shi ke haɗa kayan. Daga baya na ji asalin abin. Abu Faisal ya ga irin wannan jirgi a Amurka lokacin karatunsa, inda manyan mutane masu furfura ke ƙera su a lambu suna hawa. Mahaifinsa kuma, tsoho mai kusan shekara casa'in wanda ido ya tafi, ba shi da labari sai na ranar da aka ɗora shi a kafaɗa yana ƙaramin yaro ya ga jirgi ya shigo Anbariyya. Shi ne ɗan ya yi niyyar sai tsohon ya hau jirgi a Madina kafin ya bar duniya.

Ban gaishe su yadda ya kamata ba, sai na ji bakina ya ce, "Ina na ƙarshen?"

Suka dubi juna. Muhandis ya ce, "Wane na ƙarshe, ya Usta?"

"Jirgin shanu ba ya tafiya haka wutsiya a sake. Akwai tarago a baya, inda mai lura yake zama."

Muhandis ya yi dariya, ya ɗauko wani littafi mai hotuna ya buɗe. Ya ce ai gaskiyata, Turawan can suna kiransa kabus. Abu Faisal ma ya yi dariya, domin kun san da Larabci kabus shi ne mugun mafarkin da ke danne mutum. Ni ban yi dariya ba, hoton nake kallo. Tarago ne ja, dogo, ya fi na gadin da na sani tsawo. A rufinsa akwai wani ɗan ɗaki mai tagogi ta kowane gefe, inda mai lura zai hau ya hango jirgi tun daga wutsiya har kai. Muhandis ya bi rubutun da yatsa yana fassara mini. Ya ce wannan irin dogon na jiragen dabbobi ne musamman. A zamanin da, masu rakiyar shanu sukan bi dabbobinsu har kasuwa, shi ne aka ƙara wa taragon tsawo, aka sa musu benci da gadaje masu hawa biyu da murhun dafa abinci. Rabi na ma'aikatan jirgi, rabi nasu.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ashe akwai ƙasar da wani ya zauna ya tuna da ɗan rakiya, ya yi masa gado, ya yi masa murhu. Ni da Ɗanjuma muna kan rufi cikin ruwan sama, ashe wasu irinmu suna can zaune suna shan shayi ta taga.

Abu Faisal ya ce sun nema a wurin masu sayarwa, an ce sai an yi shekara kafin a ƙera a aiko, tsoho kuma ba mai jiran shekara ba ne.

Na ce, "Ni zan ƙera shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka taɓa ƙera jirgi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma na zauna a cikinsa shekara bakwai."

Ya ce ya ba ni zuwa ƙaramar sallah. Na gaya masa halin da iƙamata ke ciki, ban ɓoye ba. Bai yi mini alkawari ba. Abin da ya ce shi ne in abu ya yi kyau za mu yi magana, in bai yi ba ni na sha wahala shi ya yi asarar katako.

Ranar Juma'a bayan an ci abincin rana na faɗi maganar a gida. Yaya Sani yana kishingiɗe, sai ya tashi zaune.

"Me ka ce sunan abin?"

"Kabus suke ce masa."

"Lallai ka samo sunan da ya dace. Idris, na je na zubar da ruwan fuskata a gaban mutum saboda kai. Na ce masa surukina dattijo ne mai magana ɗaya. Yanzu in koma in ce masa me? In ce ya tafi yi wa attajiri motar wasa? In tsohon ya mutu gobe fa? In Balaraben ya ce bai yi masa ba fa? Yaran nan a ina za ka sauke su, a Nguru?"

Ke Maryam kina bakin ƙofa da tire a hannu, kika tambaye ni da Larabci ko da gaske za a kore mu. Na amsa miki da Hausa na ce Allah yana nan. Mahaifiyarku ta bari sai da yayanta ya haura sama yana buga ƙofa. Tana tattara kwanuka, ba ta dube ni ba, ta ce,

"Malam, shekara goma sha shida ban taɓa ganin ka so wani abu don kanka ba. Ban san mene ne wannan ba. In ka tabbata, ka yi. Amma ka sani yayana nake ajiyewa a kai."

Ina so ku fahimci dalilina, domin ba hauka ba ne zalla. Na yi tunani irin na magidanci. Shekarata hamsin da 'yan kai. In na zauna a kujerar gadi, hannuna ya mutu ke nan, ran da mai bene ya sami yaro mai jini a jika zai sallame ni, sannan ba sana'a ba ƙarfi. Wannan shi ne abin da na gaya wa mutane, kuma gaskiya ne. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun da na ga hoton nan ban sake samun sukuni ba. Ji nake in ban ƙera wannan tarago ba, zan mutu da shi a ƙirji.

Ammi Bakur ya bar mini warsha da duk kayan aikinta har zuwa sallah. Na auna hoton da zare, na raba komai kashi takwas kamar yadda sauran taragun suke, tsawon ya fito gaba guda, wato buɗin hannu biyu, da ƙarin kamu guda. Gindin na ƙarfe ne, wani mai walda maƙwabcinmu ya haɗa mini. Jikin na yi shi da wani katako mai ƙwari da suke kira zan, na tsaga shi siriri kamar yatsa, na jera ɗaya bayan ɗaya. Rufin na yi shi mai ɗagawa, mai ƙarfin da babban mutum zai zauna a kai. Ciki kuwa, inda ba wanda ya ce in yi, nan na fi daɗewa. Na yi benci biyu suna fuskantar juna. Na yi gadaje shida. Na yi murhu da gwangwanin tumatir, da 'yar butar shayi da ba ta kai kan babban yatsa ba. Abin da babu a hoton Turawa ma na ƙara: maratayin sanduna a bayan ƙofa, da ɗan fili da tabarma inda mutum biyu za su yi sallah. Azumi ya same ni a kai, zafi ya sauko, wani lokaci ƙusa takan ɓace mini a hannu don ƙanƙanta da jiri. Duk safiya in na fito zan tafi warsha sai in ci karo da Yaya Sani a matakala, in gaishe shi, ya wuce kamar bango ya yi magana.

Rigimarmu da Muhandis a kan birki ta tashi. Na bi dogon nan da ƙafa tun daga farko har ƙarshe. Akwai wurin da ya hau wani tudu na baƙaƙen duwatsu, a gindin tudun kuma ya yi kwana a daidai bakin tafkin siminti da ake tara ruwan dabino, mai zurfin da zai shanye mutum. Na ce taragona sai da birki na gaske.

"Ya Usta, birki yana kan jirgi. Naka ado ne. Ka yi masa ɗan keke mai kyau a shafa fenti, halas."

"In mahaɗi ya tsinke a kan tudu, kan jirgi ya tafi da birkinsa, na baya su kama me?"

"Ba zai tsinke ba. Daga waje aka kawo shi."

Abu Faisal ya gaji da mu ya ce a bar ni in yi abin da nake so. Na ciro sukurun wani tsohon matsin katako na Ammi Bakur, na sa masa keke a sama, na yi takalman birki da katako mai tauri na lulluɓe su da robar taya. A ƙarƙashin daɓen na kwantar da ƙarfe mai nauyi don ƙafafun su kama dogo sosai. Muhandis ya ɗaga gefe ɗaya ya ce na ƙera akwatin gawa.

Rana ta uku ga sallah, bayan la'asar, aka yi taron. 'Yan'uwan Abu Faisal sun cika gonar, maza a gefe, mata a bayan shingen zana. Mahaifiyarku ta zo da ku. Kawunku bai zo ba. Iƙamata a ranar saura kwana goma sha ɗaya. Da aka yaye zanen da na rufe taragon, ja jawur da fararen tagogi, sai wurin ya ɗauki ma sha Allah. Wani ya kawo 'yan raguna sabbin haihuwa aka zuba a taragun shanu suna ta kuka. Aka riƙo tsohon, siriri kamar kara, aka zaunar da shi a kujerar da ke gabana daidai, aka sa jikoki biyu a kusa da shi. Muhandis ya hau kai. Ni na hau rufin taragona, keken birki a tsakanin gwiwoyina.

Zagayen farko lafiya lau. Tsohon yana ta dariya ba haƙori, yana cewa a ƙara gudu. A zagaye na biyu ne manya suka ga abin ya yi daɗi, ƙarti uku suka ƙara hawa kujerun. Na so in yi magana, amma wa zai ji kafinta a cikin wannan sowa? Muka kama tudu, inji yana nishi. Saura kaɗan mu kai sama sai na ji ƙas. Ƙusar mahaɗi ta karye tsakanin taragun shanu da na mutane. Kan jirgi ya yi gaba da raguna, mu kuma muka tsaya cak kamar na numfashi ɗaya, sannan muka fara komawa da baya.

Yanzu ni ne a gaba. Na waiwaya na hango kwanar da ruwan tafki yana ƙyalli. Biyu daga cikin ƙartin nan suka yi tsalle suka dire, mata suka sa ihu daga bayan shinge. Hannuna ya so ya murɗe keken gaba ɗaya, na hana shi. Na juya rabi, na saurara. Na ƙara kaɗan. Ƙafafun suka fara kuka, warin roba ya tashi, na ji nauyin taragu uku yana turo ni baya. Na ji ƙafa ɗaya tana neman tsayawa, na sassauta, ta ci gaba da juyawa, na sake matsawa. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san gudun ya riƙa raguwa, ya riƙa raguwa, har muka tsaya. Daga wutsiyar taragona zuwa kwanar bai fi taku uku ba.

Sai muryar tsohon ta fito, yana juya kai hagu da dama.

"Me ya sa aka tsaya? Mun iso Anbariyya ne?"

Abu Faisal ya iso da gudu, mayafin kansa ya faɗi a hanya. Ya rungume uban, ya laluba yaran, sannan ya juyo gare ni. Muhandis ya gangaro daga tudu fuskarsa kamar toka. A gaban kowa ya kama kaina ya sumbata, ya ce, "Haƙƙinka a kaina, ya Usta." Mutumin kirki ne, tun daga ranar muka zama aminai, kuma tare muka sauya kowace ƙusa ta jirgin da wadda muka ƙera da hannunmu.

Da aka yi wa tsohon bayani, sai ya ce a kai hannunsa ga abin da ya tsayar da su. Na ɗaga masa rufin. Ya riƙa shafawa da yatsu, benci, gadaje, har ya kai ga 'yar butar nan. Ya ce wannan ɗakin su wane ne? A nan ne, a gaban attajirai da baƙi, da ku kuna leƙe ta zana, na buɗe baki da Larabcina na kasuwa na ba da labarin Nguru da Ikko, da wutsiyar saniya, da katakon da muke gicciyawa a kan ƙaho. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Tsohon ya saurara har ƙarshe ya ce shi ma ubansa raƙuma yake kora zuwa Yanbu, kuma a ƙasa yake kwana. Kafin magariba Abu Faisal ya ce in kawo fasfo da safe.

Sauran kun sani, domin a cikinsa kuka girma. Na koma ƙarƙashin kafalarsa, aka gina mini warsha a gonar. Tsohon ya yi shekara biyu yana hawa jirginsa duk Juma'a kafin Allah ya karɓe shi. Masu irin wannan sha'awa daga Jidda da Riyad suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu irin taragon Usta Idris, da birkinsa da butarsa. Kun yi karatunku a garin da aka haife ku.

Amma kada ku ɗauka a banza aka samu. Mai benen nan ya ci mutuncin Kawunku a gaban mutane, ya daina ba shi baƙin da yake ɗauka. Muka tashi daga gidansa. Shekara biyu cur bai taka inda muke ba, ya aurar da 'yarsa bai aiko wa mahaifiyarku ko da goron gayyata ba. Ranar ɗaurin auren ta wuni a ɗaki tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Wannan ni na jawo mata, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. In kuna neman wanda ya yi jarumta a wannan shekara, ku fara da ita.

Wata ranar Alhamis aka ce otal ya aiko da baƙi su ga jirgi. Na fito daga warsha sai ga direbansu tsaye a gindin dabino, ya juya baya yana kallon sama. Na gane ƙeyar. Na bari baƙin suka hau kujeru, na je na tsaya kusa da shi.

"Yaya, barka da zuwa."

Ya yi gyaran murya. "Aiki ne ya kawo ni."

"Na sani. Akwai wuri ɗaya a baya."

Ya dubi taragon. Sannan ya tattare jallabiyarsa, ya hau rufin taragon da duk girman jikinsa, gwiwoyinsa har kusa da haɓa, na zauna a bayansa. Muka bi ta cikin dabino, muka wuce tafki, muka hau tudu muka sauka. Da jirgi ya tsaya baƙi suka sauka suna ɗaukar hoto, shi kuwa yana nan zaune riƙe da gefen rufi.

"Dije tana gida?" in ji shi, yana nufin mahaifiyarku, bai waiwayo ba.

"Tana gida, Yaya."

"Ka ce mata gobe bayan Juma'a zan zo cin tuwo." Ya gyara zama. "Gaya wa Bamasaren nan ya ƙara zagaye ɗaya."